Inci Huɗun Ma'auni

Ƙanena tela ne, kuma gajere ne. Duka biyun kyautar Allah ce, sai dai ta farkon ya karɓe ta hannu bibbiyu, ta biyun kuwa har yau bai sa hannu ya karɓa ba. Ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shago ɗaya muke zama. Shi ke yanka da ɗinki, ni ke kalmasa da sa maɓalli da guga. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan cika-bakinsa daga safe har yamma, ba ranar hutu.

A layinmu Ma'auni ake ce masa, don shi ba ya awo da tef. Wai tef na 'yan koyo ne. In mutum ya zo ɗinka wando, sai ya tsaya dab da shi, ya ɗora tafin hannu a ƙugun mutumin, ya jawo hannun a miƙe zuwa jikinsa, ya duba maɓallin da hannun ya faɗa a kai. Rigunansa duka iri ɗaya yake ɗinka wa kansa, maɓalli bakwai a jere, inci biyu-biyu tsakaninsu, kuma ya haddace nisan kowanne daga ƙasa. Na farko inci talatin da huɗu, na biyu talatin da shida, haka har sama. Sai ka ji ya ce, "Maɓalli na biyar, arba'in da biyu," ya rubuta da alli a bango. Ba na son yabonsa, don in ka yabe shi da safe ba za ka huta ba sai magariba, amma gaskiya bai taɓa kuskure ba.

To ana nan sai aka gama gina wani otal mai hawa shida a bakin babban titi. Shugaban masu gadin otal ɗin ya daɗe yana kawo mana ɗinki, shi ya kai Ma'auni gaban manaja. Manaja ya ba mu yadi mai ruwan toka da aka yi oda musamman, ya ce a ɗinka wa masu gadi ashirin da huɗu riga da wando kafin ranar buɗewa. Ya ce in kayan suka yi kyau, duk ɗinkin otal ɗin ya zama namu: na masu girki, na masu shara, labule, zanin gado, kowace shekara. Shagon da ke rayuwa da canza zif da ɗinke yagaggen aljihu, a ce masa haka. Ni har na share kusurwar da za mu ajiye keken ɗinki na biyu.

Ashe shi Ma'auni wani wurin ya riga ya kai kwangilar a ransa.

Da rana muna zaune, mai aski da mai gyaran takalmi suna kan bencin ƙofar shago, sai ya ɗago daga wayarsa ya gyara murya.

"Yaya, zan yi tsawo."

"Allah ya sa," na ce. "Shekararka arba'in da ɗaya, ka ɗan makara."

"Ke dai ba ki bin duniya. Tiyata ce. Likita zai karya ƙashin ƙwauri, ya sa ƙarfe a ciki, kullum a ja kaɗan a ja kaɗan, ƙashi ya riƙa cike gurbin. Kamar ƙara wa wando ƙafa ne, sai dai su ba a ganin ɗinkin."

Mai aski ya leƙo. "Wato lafiyayyar ƙafa za ka ɗauka ka kai a karya maka, ka kuma yi godiya?"

"Ina za ka gane? Kai aikinka kullum ragewa ne. Ni mutumin ƙari ne."

"In sun karya sun kasa haɗawa, ka kawo nan," in ji mai gyaran takalmi. "Ina da gam."

Ma'auni bai ko kalle shi ba. Ya ce aikin da tsada, amma kwangilar otal za ta ɗauke shi. Na ce to keken namu na biyu fa? Ya ce in ya yi tsawo keke uku ma da ƙafarsu za su zo.

"Kin taɓa ganin dogon mutum yana neman aiki?"

"Ga ɗana can a gida," in ji mai aski. "Sai ya duƙa yake shiga ɗaki. Shekara uku ke nan yana nema."

"Shi tsawon banza ne, na gado. Nawa na ilimi ne."

Kwana biyu bayan haka ya tafi ganin likita, matarsa ta raka shi. Matar nan ta fi shi tsawo da tafin hannu guda, kuma ko sau ɗaya abin bai taɓa damunta ba. Ita ke ɗauko masa kaya daga saman kwaba ba tare da ta ce uffan ba, kuma wannan shirun shi ya fi komai ƙona masa rai.

Da suka dawo ya tsaya a tsakiyar layi ya ba da labari. Wai da likita ya ga hoton ƙashinsa sai da ya kira sauran likitoci su zo su gani. Wai ba su taɓa ganin ƙashi mai kyan sa ba. Wai inci shida likita ya so ba shi, shi ne ya ce a'a, huɗu sun isa, kada ya tsorata yara.

Na ja matar tasa bayan labule na ce ta ba ni na gaskiya.

"Yaya, shi ya nemi shida," ta ce. "Likita ya ce iyaka uku, kuma zai yi watanni ba ya taka ƙasa, daga keken guragu sai sanduna, ga ciwo. Ya ce ya je ya yi tunani wata uku tukuna. Sai maigidan ya ce, 'Haba likita, cika min huɗu mana, ai za mu daɗe tare.' Wallahi kamar yadi yake saye."

"Likitan ya ce me?"

"Cire tabarau ya yi, ya tambaye shi sana'arsa. Maigidan ya ce tela. Ya ce da me kake tuƙa keken? Ya ce da ƙafa. Sai likitan ya juyo ya tambaye ni ko maigidan yana samun barci sosai."

Mai hankali da nan zai tsaya. Ƙanena kuwa nan ya fara.

Ya ce mutum ba ya kwana a ƙasa ya wayi gari a sama, dole ya saba da iskar can tun yanzu. Ya lallaɓa wurin mai gyaran takalmi ya sa aka liƙa wa takalmansa tafi mai kaurin inci huɗu, na tsohuwar taya da katako. Ya rantsar da shi kada ya faɗa wa kowa. Sannan ya ɗinka wani buhun wando mai faɗin ƙafa da ke sharar ƙasa, don ya rufe asirin.

Washegari sai ga shi ya doso layi yana tafe a hankali, hannuwa a buɗe, kamar mai ɗauke da baho cike da ruwa. Kansa a sama, yana gaida mutane da haɓa.

"Ma'auni, me muke gani haka?" in ji mai aski.

"Maganin share fage ne likita ya ba ni. Ya fara aiki."

"Cikin kwana ɗaya?"

"Jiki ne mai karɓar magani."

Mai gyaran takalmi ya cika alkawari, bai ce komai ba. Ya dai ɗaga tsohuwar tayar da ya yanka, mai ramuka biyu siffar tafin ƙafa, ya rataye ta a ƙofar rumfarsa. Kafin azahar duk layi ya sani. Amma ba wanda ya faɗa wa Ma'auni, don mutanen layinmu ba sa ɓata abin kallo na kyauta. Mai sayar da lemu har tambayarsa take ko akwai sanyi a can sama.

A ranar farko ya buga kai da kantar zare, ƙwaryar zare arba'in suka zubo masa. Ya ce kantar ce aka kafa ba bisa ƙa'ida ba, alhali shi ya kafa ta da hannunsa. A rana ta biyu ya fasa ƙwan fitilar da ke saman teburin yanka, wanda shi ya sauko da shi bara don ya riƙa kai hannu. Da ya zauna a keke gwiwoyinsa suka tokare teburin, ƙafarsa kuma ba ta jin feda ta cikin katakon. In ya taka, keken ya ƙi tashi. In ya tashi, ya ƙi tsayawa. Ya ɗinke wa wani malamin makaranta aljihu biyu ruf, ya ce masa sabon salo ne na maganin ɓarayi.

"Cire takalman nan ka yi aiki," na ce masa.

"Wane takalmi?"

"Waɗanda ke ƙara ƙwas-ƙwas in kana tafiya."

"Ƙashi ne ke buɗewa, Yaya. Likita ya ce za a ji haka."

A rana ta huɗu ya zo tsallake kwatar ƙofar shago, wadda yake tsallakewa tun yana saurayi. Ƙafa ɗaya ta haye, ɗayar ta tsaya shawara. Ya tafi gaba ɗaya ya rungumi tiren mai lemu. Lemu ya watsu har titi, shi kuma yana kwance yana ta jan ƙafar wando yana rufe takalmi, tun kafin ya duba ko haƙoransa na nan. Da aka ɗaga shi ya ce jiri ne, duk dogaye suna fama da shi.

Ranar Alhamis aka kira shi otal ya auna masu gadi. Na ce ya ɗauki tef ko don girman aikin. Ya ce a gaban manaja zai riƙe tef kamar wani ɗan koyo? Ya sa rigarsa mai maɓalli bakwai, ya taka ƙwas-ƙwas ya tafi. In faɗi gaskiya, ni ma a lokacin kaina bai kawo komai ba.

Ya dawo da takarda yana fito. Na karɓa na duba: talatin da takwas, arba'in, talatin da takwas, arba'in da biyu. Otal ɗin nan kuwa zaɓar dogaye suka yi, na gan su da idona, ƙarti ne masu cika ƙofa.

"Shugaban masu gadi shekara bakwai muna yi masa wando," na ce. "Ga lambarsa can a bango, arba'in da huɗu. Yau ka rubuta arba'in."

"Girma ne, Yaya. Mutum yana raguwa."

"Inci huɗu cikin wata biyar?"

"Tsayuwar gadi tana cin ƙafa."

Sai idona ya sauka a kan buhun wandonsa.

"Da takalman nan ka auna su?"

Ya waiga. Mai aski na tsaye a ƙofa da almakashi a hannu, ya baro mutum da rabin aski don kada a ba shi labari.

"Na ce miki magani ne," in ji Ma'auni da ƙarfi.

"To na ji, magani ne. Ko maganin ne ai ka tashi sama da maɓallanka. Ƙugun da ke faɗawa a maɓalli na shida yanzu a na huɗu zai faɗa. Ka ƙara inci huɗu a kan kowace lamba, shi ke nan, ba wanda zai sani."

Ya yi wata 'yar dariya ta tausayin jahili.

"Yaya, maganin daga gwiwa zuwa ƙasa yake aiki. Maɓallai suna sama. Ina ruwan maɓalli da gwiwa?"

"Wannan gaskiya ne," in ji mai aski, Allah ya saka mini. "Ban taɓa ganin maɓalli a gwiwa ba."

Na yi bayani da baki, na yi da alli, har na hau kan kujera na nuna masa. Ya ce in sauko kada in faɗi, tsawo ba na kowa ba ne. Na lura ya gane sarai, don kunnuwansa sun yi ja. Amma in ya ƙara incin nan huɗu ya yarda ke nan akwai takalmi, kuma ya yarda Ma'auni ya yi kuskure, a gaban mai aski. Ƙanena kuwa ya gwammace shagon ya ƙone.

Na sauko da murya na ce to ya bar mini kalmasa mai faɗi a ƙafar kowane wando, ko da za a buƙaci saki. Ya ce to. Ya aike ni can cikin kasuwa sayen maɓallan ƙarfe. Kafin in dawo ya yanke wando ashirin da huɗu cif-cif a kan lambobinsa, ya bar mini rabin inci.

"Kalmasa mai faɗi ta tela mai shakka ce," ya ce. "Dubi yadin da na yi wa otal tattali."

Yadi kam ya yi saura, tuli guda. Na ce a ajiye shi, in ta ɓaci ma yi ƙari a ƙasa. Washegari na tarar ya yanka shi ya fitar wa kansa kwat da dogon wando na zuwa bikin buɗewa. Na zaga kasuwa kaf neman irin yadin, babu. Na kira shugaban masu gadi a ɓoye na ce ya zo gwaji; Ma'auni ya tare shi a ƙofa ya ce shekara bakwai ya taɓa yi masa gwaji? Mutumin ya ba da haƙuri ya koma. Daga nan na zauna ina kalmasa rabin inci ina jin kamar in yi kuka, don na san abin da nake gogewa da ninkewa ba wando ba ne, abincinmu ne.

Saboda keken da ke gardama da katako, ba mu gama ba sai da safiyar ranar buɗewa. Ƙarfe tara muka kai kaya, ƙarfe goma za a fara. Aka shige da su ɗakin masu gadi a gurguje. Ma'auni ya gyara kwat ɗinsa ya je ya tsaya a gaba-gaba kusa da masu ɗaukar hoto. Rabin layinmu sun biyo mu, har mai lemu ta bar tirenta. Ni da matarsa muka laɓe bayan wata tukunyar fulawa.

An shimfiɗa jan kafet tun daga bakin titi har saman matakala. Baƙi sun cika, mai otal da uwargidansa suna tsaye, manaja na ta duba agogo. Aka busa usur. Masu gadi ashirin da huɗu suka fito a jere, suka kasu biyu a gefen kafet, suka ƙame.

Rigunan sun zauna daram, wannan ba zan hana shi ba. Daga ƙugu zuwa sama ka ce sojojin fada ne. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa, kowane wando ya tsaya a tsakiyar ƙwauri ya ƙi gaba. Ƙwauri arba'in da takwas a waje suna shan iska. Wani safarsa ja, wani kore, wani ɗaya baƙa ɗaya ruwan ƙasa. Wani safar ta huje a dunduniya har ramin ya leƙo. Wani ba safar ma sam, sai kaushi. Na ƙarshen layi yana ta jan wandon ƙasa, in ya rufe ƙwauri sai ciki ya fito.

Sai uwargidan mai otal ta sa gyale ta toshe baki, kafaɗunta suka fara rawa. Daga nan dariya ta ɓalle ta ko'ina. Masu hoto suka bar fuskokin manyan baƙi suka durƙusa suna ɗaukar ƙafafu.

"Ina telan?" in ji manaja. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ban tsoro.

Ma'auni ya taka ƙwas-ƙwas ya hau matakala uku ya tsaya.

"Ga ni, ranka ya daɗe. Ka ga yadda kafaɗun suka zauna?"

"Ƙafafun nake tambaya."

"Yayi ne. A manyan otal na duniya haka ake yi yanzu, don mai gadi ya ji daɗin bin ɓarawo."

"Ban ce ka yi mini yayi ba."

"To yadin ne ya shige. Yadin oda haka yake, da ya ji guga sai ya tsuke."

"Naka kwat ɗin ba irin yadin ba ne? Ya naka wandon ke sharar ƙasa?"

Ma'auni ya dubi wandonsa kamar yau ya fara ganinsa.

"To ranka ya daɗe, sai dai in mutanenka ne suka ƙara tsawo. Abincin otal ba wasa ba."

"Mu ashirin da huɗu, cikin mako biyu?" in ji shugaban masu gadi. Fuskarsa a murtuke, ƙwaurinsa a waje, shi da ya tsaya wa Ma'auni a gaban manaja.

"Yana faruwa," in ji mai aski daga cikin taro. "Ga shi nan shi ma cikin kwana ɗaya ya yi."

Manaja ya ce a auna a gabansa. Ma'auni ya matsa kusa da shugaban masu gadi, ya ɗora hannu a ƙugunsa, ya jawo zuwa jikinsa da yanga.

"Maɓalli na huɗu. Arba'in. Kowa ya gani."

Wani mai gyaran wuta da ke kusa ya ciro tef ɗin ƙarfe daga aljihu, ya ja daga ƙugun mutumin zuwa ƙasa.

"Arba'in da huɗu."

"Tef ɗin wayar wuta ne wannan," in ji Ma'auni. "Ba a auna mutum da shi. Ni jikina ne ma'auni, kuma jikina bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ya juya zai fuskanci jama'a don su shaida, ya buga ƙafa a kan matakala. Aka ji ɓas. Tafin takalmin hagu ya ɓalle, ya fito daga ƙarƙashin wando, ya gangaro matakala ɗaya, biyu, uku, ya kwanta a tsakiyar jan kafet, taya a ƙasa katako a sama. Ƙanena ya karkace gefe guda, kafaɗa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yana laluben iska.

"Na gaya masa gam ɗin sati uku yake yi," in ji mai gyaran takalmi, ba da kowa yake ba.

Shugaban masu gadi ya sauko a hankali ya ɗauki abin. Ya juya shi, ya duba. Sannan ya duƙa ya kara shi a ƙwaurinsa, daga inda wando ya tsaya zuwa idon sawu. Ya cike gurbin cif, ba ragi ba ƙari. Ya matsa ga na kusa da shi ya kara, haka. Ya bi layin nan mutum bayan mutum yana karawa, jama'a na ƙirgawa da baki ɗaya, har ashirin da huɗu. Mai otal da kansa sai da ya zauna a kan matakala yana share hawaye.

"Maganin share fage ke nan?" in ji mai lemu.

"Ma'auni, ka fi likitan naka," in ji mai aski. "Shi mutum ɗaya zai ja wa ƙafa cikin wata shida, kai ka ja wa ashirin da huɗu ba ko allura."

Manaja ya sa masu gadi su koma su sa wandunansu na gida. Sannan ya dubi ƙanena daga sama har ƙasa, tafiyar da ba ta da nisa.

"Za a kawo maka wandunanka. Kada in sake ganinka a ƙofar nan, ko labulen banɗaki ba za ka ɗinka mana ba."

Haka ya sauko ya bi jan kafet ɗin nan har titi, ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajeriya, yana ɗingishi, yana tashi yana sauka. Ko a nan bai yarda ya cire ɗayan ba. Matarsa ta bi bayansa riƙe da tafin da ya ɓalle, ni kuma na bi ta wata hanyar, don ban shirya a san uwarmu ɗaya ba.

Da la'asar aka kawo buhu aka jefar a ƙofar shago. Na ja shi ciki na ajiye a kusurwar da na share. Ma'auni na zaune ba takalmi, ƙafafunsa na lilo daga kan kujera. Bencin waje ya cika har da waɗanda ba mu sani ba.

Sai Ma'auni ya gyara murya, na san cutar ta dawo.

"Ba a yi asara ba, Yaya. In aka yi mini aikin, duk nawa ne. Wando ashirin da huɗu, wa ke da su a layin nan?"

"Da wace kwangila za a yi aikin, maigida?" in ji matarsa a hankali.

Ya sauko ya kwance buhun, ya tona ya zaƙulo mafi gajarta a ciki, na mutumin da ke jan wando ciki na fitowa.

"To tun yanzu ma zan fara sa su. Yadi mai kyau ba zai zauna a buhu ba."

Ya shiga bayan labule ya sa, ya fito ya tsaya gaban madubi. Wandon da ya tsaya wa mai shi a tsakiyar ƙwauri, wanda gari guda ya yi wa dariya saboda gajarta, ya rufe ƙafar ƙanena ruf har yatsu, saura na kwance a ƙasa. 'Yan benci suka leƙo, har da mai aski.

Ma'auni ya dubi madubi, ya dubi ƙasa, ya matso kusa da ni yana taka ƙafar wandon.

"Yaya," ya ce, murya can ƙasa, "ɗan rage min inci uku."

Na ɗauki almakashi na durƙusa. Aikin otal ɗin da ya rage mana ke nan.